Cinnakan bakin Komadugu

Hausawa sun ce cinnaka bai san na gida ba, kuma duk wanda aiki ko fatauci ya kai shi Difa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida don gudun zafin ɗaki, zai shaida cewa ba su yi ƙarya ba. Ma'aikacin da aka turo daga Yamai, bayan tafiyar fiye da kilomita 1300, yakan sauka da jerin abubuwan da aka ja masa kunne a kansu: rana, ƙura, sauro, sannan tun daga watan Fabrairu na 2015, ƴan bindiga. Ba wanda ke tuna ya gaya masa labarin ɗan baƙin ƙwaron da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, alhali kuwa shi ne zai fara yi masa barka da zuwa, a tsakanin yatsun ƙafa, tun kafin maƙwabta su zo gaisuwa.

Dalilin yawansa a garin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Manga busasshiya ce, ruwan sama da ƙyar yake wuce milimita 300 a shekara, to amma Komadugu Yobe ta ratsa ta da wani siririn zirin damshi. Ruwan wannan kogi baƙo ne, daga ƙasar Kano da Bauci da tsaunukan Jos yake tahowa ta kogin Haɗeja da na Jama'are, shi ya sa cikarsa ba ta zuwa sai damina ta yi sallama. A watan Oktoba na 2019, sa'an nan kuma a 2022, kogin ya tumbatsa ya ci gonakin tattasai da shinkafa da gidajen bakin gaɓa, mutane suka kwashi abin da suka iya suka hau tudu. Ba su kaɗai suka yi ƙaura ba. Duk wani ƙwaro mai gida a ƙarƙashin ƙasa, da ruwa ya taso masa, tudu yake nema, ƴaƴansa a baki. Tudun kuwa shi ne gindin bangon ɗaki, da ƙarƙashin randa, da bayan buhunan sito.

Akwai wani dattijo a garin, tsohon ma'aikacin ofishin kare tsirrai, wanda aka turo daga Damagaram yana saurayi, ya yi aure, ya yi ritaya, bai koma ba. A irin waɗannan watanni ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu kawo ƙara. Doka ɗaya gare shi, ba ya kuma sassauta ta ga kowa: ba ya faɗin magani sai an kawo masa ƙwaron. A kwalin ashana ne, a kwalbar turare ne, a ƙullin leda ne, shi dai ya gan shi da idonsa. Mutane suna ganin wannan tsirfa ce ta tsufa. Shi kuwa yakan ce ba a taɓa jin likita ya yi wa mutum allura don kawai an ce masa "ba ya lafiya" ba.

Wata rana wani babban ɗan kasuwa mai sitocin busasshen tattasai ya zo masa a firgice, waya a hannu. Ya ga hotunan wata tururuwa da ake kira tururuwar wuta, wadda aka ce ta addabi Amurka da Ostireliya, kuma ya tabbata ita ce ta mamaye masa sito, domin yaransa sun ƙi ɗaukar kaya saboda harbi.

"Malam, wallahi ita ce. In ta taɓa ka kamar an ɗora maka garwashi."

"Alhaji, garwashi iri-iri ne. Ina take?"

Aka aiki yaro ya kawo guda biyar a murfin kwalba. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya miƙa wa Alhajin ya ce ya duba da kansa: baƙaƙe ne, jikinsu a miƙe, girmansu bai bambanta sosai ba. Ya tambaya ko an ga tulin ƙasa mai laushi a wurin. Aka ce a'a, ƴan ƙananan ramuka ne a gindin bango, inda ruwan alwala ke zuba. Ya ce to wannan ɗan gida ne, kakanninsa sun riga kakannin Alhaji zama a bakin kogin nan.

Abin da dattijon ke so mutane su gane shi ne, kalmar tururuwa buhu ce da aka cusa halittu daban-daban a ciki, ko da yake Bahaushe na asali ya raba su sarai. Akwai kiyashi, ɗan ƙanƙane mai jan jiki, mayen sukari da mai, wanda ɓarnarsa ba ta wuce kwanon shayi da ragowar tuwo ba. Akwai kwarkwasa mai tafiya a runduna, wadda in ta shigo gida sai a ba ta hanya, ta share kyankyaso da sauran ƙwari ta wuce abinta, sai dai a kwance dabbar da ke ɗaure, a ɗauke kaji da jariri daga hanyarta. Akwai tururuwa ta ainihi, mai jan ƙwayar hatsi zuwa rumbunta na ƙarƙashin ƙasa, wadda talakan ƙasar nan bai kamata ya manta da alherinta ba, tun da a shekarun yunwa, har da 2005, an ga mata suna tona gidajenta suna kwasar abin da ta tara don su dama wa ƴaƴansu. Gara kuwa ba ma danginsu ba ce, masana sun ce ta fi kusa da kyankyaso. Sa'an nan ga cinnaka.

Cinnaka ba cizo yake yi ba, duk da abin da baki ya saba faɗi. Ƙari gare shi a ƙarshen cikinsa kamar rina, da shi yake zuba dafi. Wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Gustav Mayr ya yi bayanin wannan irin baƙin ƙwaro mai harbi a 1862, ya laƙaba masa sunan garin Sennar na ƙasar Sudan, kuma ana samunsa a faɗin wannan yanki namu na savana. Yana cin matattun ƙwari da ragowar abinci, yana kuma cin ƙwayar tsaba, abin da ba kasafai danginsa na kusa ke yi ba. Wannan ne ya sa sito da wurin sussuka da gindin turmi suka zame masa aljanna. Alhazai da masu zuwa ci-rani ƙasashen Larabawa wataƙila sun haɗu da shi can ba su gane shi ba: ya bazu a Saudiyya da Daular Larabawa da kudancin Iran, inda ake kiransa samsum, kuma likitocin can sun daɗe da sanin cewa harbinsa yana kai wasu mutane gadon asibiti.

Ita kuwa tururuwar wuta ta cikin wayar Alhaji, ba ta nan ba ce. Asalinta Kudancin Amurka, yankin kogin Parana. Ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a shekarun 1930, aka gano ta a Birisben ta Ostireliya a 2001, ta bayyana a Taiwan da Sin ƴan shekaru kaɗan bayan haka, aka kama ta cikin kwantena a Japan a 2017, sa'an nan a 2023 masana suka ba da sanarwar gidajenta 88 kusa da garin Sirakus a tsibirin Sisili na Italiya. Kamanninta ba su ɓuya. Ja ce mai duhu, ma'aikatan gida ɗaya wasu manya wasu ƙanana, daga milimita 2 zuwa 6. Tana tara tulin ƙasa mai laushi wanda ba shi da ƙofa a samansa, in kuwa aka taɓa shi sai ta fito ɗaruruwa a lokaci guda ta hau ƙafar mutum. Takan kama fata da baki, ta lanƙwasa ciki ta yi ta harbi, washegari kowane wuri ya fito da ɗan farin ƙurji mai ruwa. Ambaliya ba ta kashe ta: sai su sarƙe ƙafafu su zama kamar tabarma, uwar da ƴaƴan a tsakiya, su bi ruwa har su sami gaɓa.

Dattijon ba ya yi wa masu tsoron nan dariya, domin ya san tsoron yana da tushe, wuri ne kawai ya ɓata. Wannan tururuwa ba ta jure busasshiyar ƙasa, amma masana sun lura tana rayuwa a irinta muddin akwai kogi ko noman rani. Wato da za ta iso jahar Difa, ba a tudun rairayin Gigimi za ta zauna ba, a fadamun Komadugu ne, cikin kwamin tattasai, inda manomi ke tsayawa ba takalmi tun asuba. Kuma ba da ƙafarta take ƙetare teku ba. Ƴan kasuwa ne ke ɗaukar ta ba su sani ba, a ƙasan kwantena, a jikin tsofaffin injuna masu laka, a ƙasar da ke cikin ledar dashen itace. Ƙasar Niyu Zilan ce ta iya kawar da ita bayan ta shigo, don kawai an gan ta da wuri. Ostireliya ta fi shekara 20 tana zuba kuɗi.

To amma duk wannan labarin nesa ne. Abin da ke ci wa dattijon tuwo a ƙwarya yana kusa, yana cikin ƴar kwalbar da ake sayarwa a kowane teburi, da naira ko da sefa, wadda kowa ya sani da piya-piya. Mutum ya ga layin cinnaku, sai ya aiki yaro ya sayo, a yayyafa a ɗaki, a rufe ƙofa, a kwana a ciki. Da safe a share gawarwaki cike da matankaɗi, maigida ya ji ya yi aiki. Bayan kwana huɗu su dawo.

Dole su dawo. Waɗanda ido ke gani a waje ƴan aike ne, ƙaramin kaso ne na gidan. Uwar tana can ƙasa, ba ta fitowa, aikinta ƙwai. Muddin tana raye, duk wanda aka kashe a waje akwai magajinsa a cikin rami. Wani lokaci ma feshin kan sa gidan ya tashi daga gindin bango ya koma ƙarƙashin daɓen ɗakin kwana. Amurka da duk arzikinta ta gwada wannan hanya: daga 1957 ta yi ta watsa guba da jiragen sama bisa miliyoyin eka, da fari heptakulo da diyeldirin, daga baya mireks, har aka hana shi a 1978. Tsuntsaye da kifi suka mutu, tururuwar ƙasar ta asali ta mutu, baƙuwar kuwa ta sami fili ba mai tare ta, ta ƙara bazuwa. Wannan darasi ne da ya shafi Difa kai tsaye, domin tururuwar gida, duk da fitinarta, ita ce ke kashe sabuwar uwar baƙuwa tun kafin ta kafa gida. Wanda ya share farfajiyarsa daga kowane ƙwaro ya kori masu gadi ne.

Ita kuma gubar ba ta san na gida ba, ta ma fi cinnaka rashin sani. Mafi yawan abin da ake kira piya-piya sinadarin dikulobos ne, wanda aka yi don gona, ba don ɗakin da jariri ke numfashi ba. Yana shiga ta hanci, yana shiga ta fata. Alamomin wanda ya kama su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙanƙancewar baƙin ido da sarƙewar numfashi, kuma madara ko manja da ake ɗura wa mutum ba sa karya shi, ɓata lokaci ne kawai. Abin yi shi ne a fitar da shi iska, a cire masa tufafin, a wanke jiki, a ruga asibiti da kwalbar a hannu. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin tsadar wannan sinadari: saboda shi ne Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Ƙasashen Sahel suna da kwamitinsu na tantance magungunan ƙwari a ƙarƙashin CILSS, amma kwalbar da aka ɗura a bayan shago ba takarda ba suna, ba ta taɓa ganin wani kwamiti ba. Mai yayyafa wannan a jikin buhun tattasai, wanda gobe za a daka a zuba a miyar wani a Kano ko Maraɗi, ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Wasu kuma baƙin mai ko fetur suke tuttulawa a ramin su kyasta ashana, alhali ruwan rijiya a kwarin nan ba shi da zurfi, gidajen zana kuwa ba su da wuyar kamawa. Malamai ma sun hana ƙona tururuwa da wuta, ko da sun halatta kashe mai cutarwa.

Maganin da dattijon ya rubuta wa Alhaji bai burge shi ba, don ba a sayen sa a kwalba. A ɗauke wurin alwala daga jikin sito, a yi masa magudana. A ɗora buhuna bisa katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta shiga. A share zubabben iri kowane maraice. A bi layin cinnakun da haƙuri har a ga inda suke shiga, domin su da kansu suke nuna gidansu. Da sassafe, lokacin da suke kusa da sama, a buɗe wurin da fartanya a juye tafasasshen ruwa mai yawa, kamar bokiti guda, a sake bayan kwana biyu in an ga motsi, sa'an nan a toshe tsagar da siminti. Tafasasshen ruwa ba kullum yake isa ga uwar ba, kuma yana kashe saiwar shuka, yana ƙona ƙafar yaron da ya matso kallo, saboda haka aikin babba ne. Toka da ake zagaye randa da ita tana tare su na kwana ɗaya ko biyu, sai iska ta kwashe. Ƙafafun gado a cikin gwangwanayen ruwa, wannan dabarar kakanni ce da har yanzu ba a sami wadda ta fi ta ba. Inda aka ci gaba ana amfani da guba ta yaudara, mai jinkirin kisa, a gauraya ta da abincin da ƙwaron ke so, ƴan aike su kai wa uwar da kansu; wanda ya sami irin wannan mai rajista a wurin dillali na gaskiya, ya fi masa feshi sau goma, da sharaɗin ya ɓoye ta daga kaji da yara.

Ma'aikatan gwamnati kuwa matsalarsu ɗaya ce: gidan haya. Famfo yana ɗiga tun zamanin wanda ya tashi, mai gida yana Yamai ko Maiduguri, ɗan haya yana cewa me zai sa ya gyara abin da ba nasa ba, tun da ko gobe ana iya yi masa canjin wuri. Haka za a shekara uku ana sayen guba kowane wata, kuɗin da ya ninka na mai gyaran famfo. Dattijon yakan ce a Difa duk wanda ya ajiye damshi a gidansa ya aika wa cinnaka goron gayyata.

Akwai abu guda da ba ya wasa da shi ko kaɗan. Ga yawancin mutane harbin cinnaka zafi ne na ɗan lokaci da ƙaiƙayi, a wanke da sabulu, a ɗora ruwan sanyi, shi ke nan. Amma akwai waɗanda jininsu bai yarda da dafin ba, kuma sau da yawa ba a harbin farko abin ke bayyana ba. Wani dare wata maƙwabciyarsa, matar wani malamin makaranta, ta buga masa ƙofa da yarinya ƴar shekara shida a kafaɗa. Cinnaka guda ne ya harbe ta a ƙafa, amma borin jini ya fito mata har wuya, leɓɓanta sun kumbura, muryarta ta shaƙe.

"Baba, ko in shafa mata man zafi?"

"Ƴata, ba shafi ba jiƙo. Ɗauko mayafinki."

Aka tashi mai mota a unguwar. A asibiti aka yi mata allurar adirenalin, numfashinta ya dawo. Wannan allura ita ce maganin irin wannan hali, kuma minti ake ƙirgawa, ba awa ba. Duk wanda aka harba a wuri ɗaya amma alama ta fito a wani wurin, kumburin fuska ko harshe, jiri, amai, kukan ƙirji, to ba na gida ba ne. Wanda kuma abin ya taɓa samu sau ɗaya, ya sanar da iyalinsa da malaman makarantar ɗansa, ya daina tafiya ba takalmi, domin na biyu yana iya fin na farko.

Yarinyar nan ta ci sa'a, a cikin gari take. Dattijon ya fi tunanin dubban iyalan da rikici ya taso daga garuruwan bakin kogi da tsibiran tafkin Cadi tun 2015, suka zauna a bukkokin zana da tamfol a gefen babbar hanya, da waɗanda ambaliya ta ƙara tasowa daga baya. A can kowa a ƙasa yake kwana, ɗan hatsin da aka samu yana ajiye a gefen kai, jarkar ruwa tana jiƙa rairayi a bakin ƙofa: duk abin da cinnaka ke nema an haɗa masa a taku uku. A shekarun da aka hana hawan babur a jahar, uwar da ɗanta ya shaƙe da dare ba ta da abin da za ta hau. Masu kai agaji suna lissafin bargo da gidan sauro da tukunya, dattijon kuwa ya sha faɗa wa duk wanda zai saurare shi cewa a ƙara da gadon kara ko na katako mai ƙafa huɗu, ko da na yara kaɗai ne.

Alhaji dai ya ɗaga buhunansa, ya kauda wurin alwala, yaransa suka koma ɗaukar kaya. Da ya dawo godiya da ɗan tattasai a leda, ya ambaci cewa ya yi odar dashen mangwaro da lemo daga kudu don sabon lambunsa na bakin kogi, mota guda. Dattijon ya ce kada a sauke su a lambun. A jera su bisa daɓen siminti a rana, a duba ƙasar kowace leda, a bar su mako guda. In an ga wata jar tururuwa da ba a saba gani ba, manya da ƙanana a haɗe, kada a fesa mata komai: a kama goma a kwalbar turare, a rubuta ranar da wurin da kayan suka fito, a kai ofishin kare tsirrai na jaha.